Ayyukan wajen aji da neman jami'a daga kwalejin shekara biyu a Amurka: tambayoyi da amsoshi

A Amurka ɗalibi na iya fara digiri a kwalejin shekara biyu, wadda suke kira kwalejin al'umma, ya tara kiredit, sannan ya nemi jami'a ta ɗauke shi a aji uku. Wanda ya san yadda mai NCE ko difloma ke shiga jami'a kai tsaye a Najeriya ya gane rabin zancen. Sauran rabin shi ne fom ɗin jami'o'in can yana da gurbin da ake tambayar abin da mutum ke yi idan ya fito daga aji. A nan ɗalibai ke yawan ruɗewa. Wasu su ba gurbin nauyin da ya fi ƙarfinsa har makinsu ya zube, wasu kuma su bar shi fayau alhali suna da abin rubutawa.

Me ake nufi da ayyukan wajen aji a fom ɗin?

Duk abin da ke cin lokacinka a kai a kai wanda ba darasin aji ba ne. Fom ɗin Jami'ar Kalifoniya ya kasa shi gida 6: kyautuka da lambobin yabo, shirye-shiryen share fagen shiga jami'a, ƙungiyoyi da wasanni da makamantansu, darussan da aka ɗauka a waje, aikin sa kai, da aikin albashi. Ana iya shigar da abu har 20. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa suna amfani da fom na bai ɗaya mai suna Common App, kuma sashen masu canjin makaranta, wato masu tahowa daga wata kwaleji, yana tambayar sunan wurin, matsayinka, awa nawa a mako, mako nawa, da wanda ke kula da kai a wurin. Ka lura aikin albashi yana cikin lissafi. Ɗalibai da dama na zaton kulob ɗin makaranta kaɗai ake nufi, sai su tsallake aikin da suka shekara biyu suna yi.

Nawa ne nauyinsu idan aka ɗora su kusa da maki?

Suna bayan maki, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Mai duba takardar ɗalibin da ke neman aji uku yana da tambaya ɗaya a gabansa: shin wannan zai iya da darussan aji uku na fannin da ya zaɓa? Amsar tana cikin takardar sakamako. Abu uku ake fara dubawa: GPA, wato matsakaicin maki, a kwasa-kwasan da jami'ar ke karɓa, kammala kwasa-kwasan share fage na fannin, da adadin kiredit. Jami'ar Kalifoniya na neman kiredit 60 na tsarin simesta, ko 90 na tsarin kwata, da GPA aƙalla 2.4 ga mazaunin jihar, 2.8 ga wanda ba mazauni ba. Wannan ƙa'idar shiga layi ce kawai. A rassan jami'ar na Berkeley da UCLA, musamman a fannin kwamfuta, injiniya da kasuwanci, waɗanda ake ɗauka makinsu ya yi sama da haka nesa ba kusa ba.

Bambanci da ɗan sakandare a fili yake. Shi ba a ga yadda yake karatun gaba da sakandare ba, shi ya sa ake neman alamu a ayyukansa. Kai an riga an gani. Binciken da ƙungiyar jami'an ɗaukar ɗalibai ta Amurka, NACAC, ke yi a tsakanin jami'o'i ya nuna makin kwaleji ne kan gaba wajen ɗaukar masu canjin makaranta, ayyukan waje kuwa suna can ƙasa a jerin.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi kafin ya karɓi wani muƙami. Ɗalibin da ke da A a kiredit 25, idan ya sami C a kwas ɗaya na lissafi mai kiredit 5, GPA ɗinsa ta sauko daga 4.0 zuwa 3.67. In kuma kwas ɗin na share fagen fanninsa ne, ɓarnar ta wuce ta lamba, don shi mai dubawa zai fara kai ido. Babu shugabancin ƙungiyar da ke goge wannan.

Akwai inda ba a duba su sam?

Akwai, kuma nan ne mafi yawan ɗalibai ke shiga. Jami'o'in CSU na jihar Kalifoniya, wani rukuni daban da Jami'ar Kalifoniya, galibi ba sa neman rubutun bayanin kai, maki da kwasa-kwasai suke bi. Dokar jihar ta 2010 ta kafa shaidar shekara biyu ta musamman, ADT, wadda ke ba mai ita tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in CSU, ko da ba wadda ya fi so ba. Rassa 6 na Jami'ar Kalifoniya, wato Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, suna da yarjejeniyar tabbacin gurbi mai suna TAG: ka cika sharuɗɗan maki da kwasa-kwasai, ka tura buƙata a watan Satumba, a reshe ɗaya tak. Berkeley, UCLA da San Diego ba sa ciki. A Filorida, wanda ya gama shaidar shekara biyu ta AA a kwalejin gwamnati yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar. Kwalejojin jihar Bajiniya ma suna da irin wannan yarjejeniya da jami'o'in jiharsu. A duk waɗannan hanyoyi, sharaɗin a rubuce yake, kuma ba a cewa sai ka shiga kulob.

To a ina suke yin tasiri?

Wuri uku. Na farko, jami'o'in da masu nema suka ninka guraben sau da yawa, inda ake karanta takardar mutum gaba ɗaya: Berkeley, UCLA, da masu zaman kansu irin su Princeton, wadda ta dawo da karɓar masu canjin makaranta a 2018 tana mai fifita ɗaliban kwalejin al'umma, tsofaffin sojoji da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Idan ɗalibai biyu suka zo da maki kusan ɗaya da kwasa-kwasai iri ɗaya, abin da ya rage a bambanta su da shi shi ne abin da suka yi da abin da suka rubuta.

Na biyu, fannonin da ke da ƙofa ta daban a cikin jami'a. Makarantun kasuwanci na son ganin aiki da jagoranci. Na jinya da yawa suna ba da ƙarin maki ga wanda ya yi aiki da marasa lafiya. Zane da tsara gine-gine suna neman kundin ayyukan hannu, kiɗa da wasan kwaikwayo kuma gwaji ake yi.

Na uku, tallafin karatu. A ganinmu a nan ne ayyukan waje suka fi biyan wahalarsu.

Yaushe ya kamata in fara? Na ɗauka ina da shekara biyu.

Ba ka da shekara biyu. Wanda ya shiga kwaleji a Agusta, zai cika fom ɗin Jami'ar Kalifoniya tsakanin 1 ga Oktoba da 30 ga Nuwamba na shekara mai zuwa, wato wata 15 ke nan. Jami'o'i masu zaman kansu galibi suna rufewa tsakanin Fabrairu da Afrilu, ƙarin 'yan watanni kawai. Abin da ka fara a simestar ƙarshe ba zai shiga fom ba.

Ƙofofin kuma a jere suke, wata na buɗe wata. Cibiyar tutoriyal ta kwaleji ba ta ɗaukar ɗalibi ya koyar sai ya ci kwas ɗin da A ko B, galibi da sa hannun malamin. Ke nan sakamakon simestar farko ne ke ba ka aikin simesta ta biyu. Shirye-shiryen bincike na hutun bazarar can ana rufe nemansu ne tsakanin Janairu da Maris, kuma suna neman wasiƙar malami, don haka dole wani malami ya san ka tun kafin Disamba. Zaɓen majalisar ɗalibai da na shugabannin ƙungiyoyi yawanci a Afrilu ko Mayu ake yi, domin shekara mai zuwa. Wanda bai taɓa leƙa taro ba har lokacin, ba wanda zai zaɓe shi.

Tsarin da muke ba da shawara: simestar farko ka riƙe karatu, ka zauna da jami'in shawarwari ku tsara kwasa-kwasai, a Kalifoniya ku duba shafin ASSIST don ganin wane kwas ne kowane reshe ke karɓa, ka leƙa ƙungiya biyu ko uku. Simesta ta biyu ka zaɓi ɗaya ka ɗauki wani nauyi a cikinta. Dogon hutu ka yi bincike, horon aiki ko aikin da ya shafi fanninka. Simesta ta uku ka ci gaba da abin da ka fara, ka rubuta fom.

Ina aikin awa 30 a mako, ga yara biyu. Ba ni da lokacin kulob. Na yi asara ke nan?

Ba ki yi asara ba. Masu duba takardun kwalejin al'umma sun san galibin ɗalibansu ma'aikata ne, da yawa kuma iyaye ne. B mai ƙarfi daga wadda ke aikin awa 30 ba ɗaya ba ne da B daga wanda ba ya komai sai karatu, amma ba za su san haka ba sai kin faɗa. Ki shigar da aikin da ainihin awanninsa. Ki faɗi inda kuɗin ke tafiya in haya da kuɗin makaranta yake biya. Ki nuna ci gaba: daga mai jera kaya zuwa mai kula da aikin dare, ko an ba ki horar da sababbin ma'aikata, ko riƙon makulli da lissafin kuɗin rana.

Ɗawainiyar gida ma ana rubuta ta: renon yara ko ƙanne, jinyar tsoho, raka iyaye asibiti ana yi musu tafinta, cika wa dangi takardun ofis. A wajenmu irin wannan ba abin faɗa ba ne, wajibi ne kawai, har mutum na jin kunyar ambatonsa. Fom ba ya gane kawaici. Abin da ba a rubuta ba, a wajen mai dubawa bai faru ba. Fom ɗin Kalifoniya yana da gurbin ƙarin bayani mai kalmomi 550 domin irin wannan, kuma a nan ake bayyana dalilin simestar da maki ya faɗi ko aka ajiye kwas.

Ƙungiya nawa ya kamata in shiga?

Ɗaya ko biyu da za ka iya ba da labarinsu dalla-dalla. Kiredit 15 na cin kusan awa 45 a mako in an haɗa da bita, bisa ƙa'idar awa biyu na karatu ga kowace awa ta aji. Ƙara aikin awa 20, ya zama 65. Lokacin da ya rage maka na ƙungiya kaɗan ne. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Gurabe 20 na fom iyaka ne, ba a ce sai ka cike su ba.

An aiko min da takardar gayyata daga Phi Theta Kappa, ana neman kuɗin rajista. Gaskiya ce?

Gaskiya ce. Ita ce ƙungiyar karramawa ta kwalejojin shekara biyu, an kafa ta a 1918, hedikwatarta na Jackson a jihar Mississippi. Galibin rassanta na gayyatar wanda ya gama kiredit 12 da GPA 3.5. Kuɗin shiga sau ɗaya ake biya, wasu kwalejoji ma na ɗauke wa mai ƙaramin ƙarfi. Babban amfaninta shi ne jami'o'i da yawa sun ware tallafin karatu ga membobinta kaɗai, don haka ka duba shafin tallafi na jami'ar da kake so kafin ka yanke shawara. Zama memba kawai ba ya ƙara wa mai dubawa wani sani, tunda makin yana gabansa. Abin da ke ƙarawa shi ne riƙe muƙami a reshen ko jagorantar aikin bincike da hidima da rassan ke yi kowace shekara.

Akwai wasu ƙungiyoyi masu suna mai kama da wannan da ke aika wa kowa saƙo don karɓar kuɗi. Gwajin mai sauƙi ne: akwai malamin kwalejinku da ke kula da reshen? In babu, ka riƙe kuɗinka.

Kada a haɗa Phi Theta Kappa da tsarin darussan zaƙaƙurai na kwaleji, wanda kwasa-kwasai ne na cikin aji. UCLA tana da shirin TAP da ke ba wanda ya kammala irin wannan tsari a kwalejojin da ke cikin shirin fifiko wajen dubawa a babbar kwalejinta. Wannan ya fi yawancin kulob nauyi.

Injiniya nake so, kwalejinmu kuma ba a bincike. Me zan nuna?

Shirin REU na hukumar kimiyya ta ƙasa, NSF, yana kai ɗalibai jami'o'i su yi bincike na mako 8 zuwa 10 a lokacin hutu, da alawus, kuma wurare da yawa na neman ɗaliban kwalejin al'umma da gangan. Hukumar sararin samaniya, NASA, ta kafa shirin horo na NCAS domin su kaɗai, ma'aikatar makamashi ma na da horon aiki a ɗakunan bincikenta. A Kalifoniya akwai cibiyoyin MESA masu taimaka wa ɗaliban lissafi, injiniya da kimiyya a kwalejoji da yawa. Sharaɗin da ke tare mutanenmu: kuɗin REU na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin, NCAS kuwa 'yan ƙasa kaɗai.

In waɗannan ba su samu ba, akwai na kusa. Taimaka wa mai kula da ɗakin gwaje-gwaje wajen haɗa kayan aiki, koyar da lissafi ko fiziks a cibiyar tutoriyal, aikin nazari na musamman a ƙarƙashin malami guda, ko abin da ka ƙera da kanka wanda za a iya gani: manhaja da aka ɗora a GitHub, na'urar auna zafi, gyaran kwamfutocin makarantar unguwa. Koyarwa ta fi yadda ake ɗaukarta daraja, don tana tabbatar da ka iya abin, tana biya, kuma tana haɗa ka da malami.

Da bizar karatu nake. Akwai abin da zai iya jefa ni cikin matsala?

Akwai, kuma ya fi batun fom girma. Mai bizar F-1 na iya aiki a cikin harabar makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu, fiye da haka lokacin hutu. Aiki a waje sai da izini. Horon aiki na CPT sai bayan cikakkiyar shekarar karatu, sai ya kasance ɓangare na manhajar fanninka, kuma sai jami'in ɗaliban ƙasashen waje ya rubuta izinin a takardar I-20 kafin ranar farawa. Tuƙin Uber, kai abinci, kitso ko ɗinki na kuɗi a gida, duk aiki ne ba izini.

Inda ɗalibai ke faɗawa ba su sani ba shi ne aikin kyauta. Sa kai a rumbun rabon abinci na mabukata ko a masallaci ba laifi. Amma tsayawa a shagon wani ɗan garinku, ko "koyon aiki" a kamfani ba albashi a gurbin da aka saba biyan mutum, ana iya lissafa shi a matsayin aiki ko da ba a ba ka sisi ba. Ka tambayi jami'in kafin ka fara. Haka kuma kada wani aiki ya sa ka ajiye kwas har kiredit ɗinka ya gaza 12 ba tare da amincewarsa ba.

Koyarwa a Islamiyya ko aiki a coci yana shiga?

Yana shiga. Ɗalibin da ke Bronx a birnin New York yana karatu a Hostos ko Bronx Community College, yana koyar da yara ranar Asabar da Lahadi a masallacin 'yan Afirka ta Yamma, yana da aikin da ya fi na kulob da yawa ɗorewa. Haka mai jagorantar mawaƙan coci, ko ma'ajin ƙungiyar 'yan gida. Ka rubuta aikin da kansa: yara nawa, shekarunsu, me ake koyarwa, wa ya tsara jadawali, shekara nawa kana yi. Mai dubawa bai san Islamiyya ba, don haka ka ce makarantar ƙarshen mako ta karatun Larabci da Alƙur'ani. Halartar salla ko sujada ibada ce, ba ta shiga wannan gurbi.

Abin da na yi a gida kafin in zo fa?

Abin da aka yi bayan sakandare ya fi nauyi, ko a ina aka yi shi. Shekara uku kana koyarwa a firamare a Zariya, ko kana riƙe shagon gyaran waya a Maraɗi, ko aikin rigakafi gida-gida, duk ka rubuta, tare da jimla ɗaya da ke fayyace wurin ga wanda bai san ƙasar ba. Muƙamin sakandare irin na shugaban ɗalibai sai in babba ne ko yana da alaƙa da abin da kake yi yanzu. Gargaɗi ɗaya: in ka taɓa karatu a wata jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a gida, dole ka bayyana ta a sashen karatu ko da ba ka gama ba. Ɓoye ta na iya sa a soke gurbin.

Yaya ake rubuta bayanin kowane aiki?

Wurin kaɗan ne. A fom ɗin Kalifoniya haruffa 350 ne ga bayanin aiki, kimanin jimla uku. Da Turanci za a rubuta, amma ga misalin bambancin. Mai rauni: "Memba a ƙungiyar kimiyya. Na halarci tarurruka, na koyi aiki tare da jama'a da jagoranci." Babu abin da mai karatu ya gani a nan. Mai ƙarfi: "Na koyar da aljebra ga ɗalibai kusan 12 a mako, simesta uku. Na lura masu aikin rana ba sa samun zuwa, na nemi a buɗe zaman yammacin Talata, na riƙe shi ni kaɗai. Na horar da sababbin masu koyarwa 2."

Ka fara da abin da hannunka ya yi. Ka sa lamba inda kake da ita. Ka faɗi abin da ya canza saboda kai. Ka fayyace duk wani taƙaitaccen suna. Ka sa mafi muhimmanci a sama. Sannan ka tara awannin duka ka gani: mako awa 168 ne, kuma wanda jimlar ayyukansa ta kai awa 90 ban da karatu ya tona kansa.

Ina alaƙarsu da rubutun bayanin kai?

A nan ayyukan ke yin magana. Mai neman canji zuwa Jami'ar Kalifoniya na amsa tambaya 4, kowace kalmomi 350: ɗaya dole, uku kuma daga cikin bakwai. Ta dolen tana tambayar yadda ka shirya wa fanninka da darussansa na sama. Amsa mai kyau tana ɗaure aji da waje: wane kwas ne ya buɗe maka ido, me ka yi da shi a wajen aji, me ya nuna maka da ba ka sani ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne sake jero abin da ke sashen ayyuka. Ka ɗauki aiki guda ka shiga cikinsa: matsalar da ta taso, shawarar da ka yanke, abin da ya biyo baya. Kuskure na biyu shi ne "mun yi, mun shirya" tun daga farko har ƙarshe. Ba ƙungiyar ce ke neman gurbi ba, don haka ka ware naka hannun.

Wasiƙar shaida daga wa zan nema?

Jami'ar Kalifoniya galibi ba ta neman wasiƙa, CSU ma haka. Masu zaman kansu na neman ɗaya ko biyu daga malamin da ya koyar da kai a kwaleji. Wasiƙar shugabanka a wurin aiki ko limami ƙari ce, in an ba da dama, ba ta maye gurbin ta malami. Malamin da ya koyar da kai kuma yake kula da ƙungiyarku ya fi kowa abin faɗa. Ka nema da saura mako 4 zuwa 6, ka ba shi jerin ayyukanka da ranar rufewa.

Wane tallafi ne ke duba ayyukan waje sosai?

Babba a cikinsu shi ne na gidauniyar Jack Kent Cooke, mai kaiwa dala 55,000 a shekara. Ana neman GPA 3.5 da buƙatar kuɗi, sannan ana auna juriya, jagoranci da hidima ga jama'a. Tunda duk masu nema makinsu mai kyau ne, waɗannan ukun ne ke rarrabe su. Phi Theta Kappa na da nata gasannin. Kada kuma ka raina ƙananan tallafin gidauniyar kwalejinku, masu nemansu ba su da yawa, kuma kowanne lambar yabo ce da za ta shiga fom.

'Yata ta ce za ta tsaya takarar majalisar ɗalibai. Ni karatu na tura ta yi. In hana ta?

Baba, damuwarku tana kan hanya, amma ku duba abu biyu kafin ku hana. In makinta na tsaye kuma tana neman jami'a mai tsananin gasa ko tallafi, muƙamin zai amfane ta, domin a can majalisar ɗalibai na zama a kwamitocin kwaleji, tana kuma raba kasafin kuɗin ƙungiyoyi. In kuwa makin na rawa, ko tana da kwasa-kwasan lissafi da kimiyya masu nauyi a shekarar, ku ce ta ɗauki kujerar kwamiti guda maimakon shugabanci. Ku yi yarjejeniya kan sakamakon tsakiyar simesta.

Wasanni fa?

Suna shiga kamar kowane aiki, kuma awanninsu na da yawa, ka rubuta su. Wanda ke son ci gaba da buga wa jami'a yana ƙarƙashin dokokin hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, waɗanda suka bambanta da na ɗaukar ɗalibai, sai ya zauna da jami'in wasanni tun simestar farko. Jami'ar Kalifoniya ba ta lissafa fiye da kiredit 4 na darussan motsa jiki cikin 60 ɗin nan, abin da ke sa wasu 'yan wasa su tarar kiredit ɗinsu bai cika ba.

Ana bincikar abin da mutum ya rubuta?

Ana yi. Jami'ar Kalifoniya na zaɓar wasu masu nema ta buƙaci hujjar wani abu da suka rubuta, kuma wanda ya kasa kawowa ana soke takardarsa. Ka ajiye takardar albashi, saƙon naɗi, takardar shaidar halarta, da lambar wanda ya kula da kai. Abin da kake shirin yi amma ba ka fara ba, kada ka rubuta shi kamar ya faru.

Na tura fom. Zan iya ajiye ayyukan?

Ka rage in suna cin karatunka, amma muƙamin da ka ce kana riƙe da shi ka kai shi ƙarshen wa'adi, ko ka miƙa shi yadda ya kamata. Abin da ba ya ajiyuwa shi ne kwasa-kwasan da ka ce za ka ɗauka. A watan Janairu Jami'ar Kalifoniya na neman ka shigar da makin simestar da ta wuce da jerin kwasa-kwasan da ke gaba. Gurbin da za a ba ka a Afrilu na sharaɗi ne: ka amsa kafin 1 ga Yuni, takardar sakamako ta ƙarshe ta isa kafin 1 ga Yuli. In ka ajiye kwas ko ka sami D a wanda aka gindaya, ka sanar da reshen nan take ta shafinka na mai nema, kada ka jira su gani a takardar.